Zaɓen Mai Ba da Umarni a Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo: Nazari a kan Gidan Wasan Fasaha na Masko, 1898 zuwa 1912

1.0 GABATARWA

Duk wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta zauna domin tsara wasannin da za ta nuna a cikin zango guda, na shekara ne ko na wasu watanni, tambayoyi biyu ne ke gabanta. Ta farko, waɗanne wasanni za a ɗora bisa dandamali? Ta biyu, wa za a danƙa wa ragamar kowane ɗaya daga cikinsu? Bisa al'ada tambaya ta farko ita ke cinye lokacin 'yan kwamiti, a yi ta muhawara a kan jigo da tsawon wasa da yawan 'yan wasan da yake bukata. Ta biyun kuwa sau tari a tsaitsaye ake yanke ta, a duba wanda ya fi suna, ko wanda ya fi daɗewa a ƙungiya, ko kuma wanda yake da sarari a lokacin.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa tambaya ta biyu ta fi nauyi, kuma a haƙiƙa tambaya ce ta nazarin adabi, ko da yake akan ɗauke ta tamkar harkar gudanarwa. Dalili kuwa shi ne, rubutaccen wasa ba ya isa ga 'yan kallo kai tsaye yadda ƙagaggen labari yake isa ga mai karatu. Sai ya bi ta hannun wani mutum da ya karanta shi, ya fahimce shi ta wata fuska, sa'an nan ya shimfiɗa wannan fahimta tasa a kan muryoyi da motsin 'yan wasa. Wannan mutum shi muke kira mai ba da umarni, wasu kuma su ce darakta. Ƙungiyar da ta zaɓe shi ta riga ta zaɓi ma'anar da wasan zai fito da ita, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Domin kada magana ta tsaya a kan hasashe, za mu ɗauki ƙungiya guda mu bi tarihinta, wato Gidan Wasan Fasaha na birnin Masko a ƙasar Rasha. Mun zaɓe shi ne saboda tsakanin 1898 da 1912 ya gwada hanyoyi uku na samun mai ba da umarni: raba aiki tsakanin shugabanninsa biyu, da ba matashi ɗan gida dama, da gayyato baƙo mai suna daga waje. Daga ƙarshe za mu duba abin da wannan ya shafi masu ɗora rubutattun wasannin Hausa bisa dandamali.

2.0 ASALIN MUƘAMIN

Ya kamata mu tuna cewa wannan muƙami sabo ne idan aka kwatanta shi da shekarun wasan kwaikwayo kansa. A yawancin gidajen wasa na Turai, har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, babban ɗan wasa shi ne mai gida. Yakan zaɓi wasan da zai haska shi, ya tsaya a tsakiyar dandamali, sauran 'yan wasa su kewaye shi, kowa ya yi nasa yadda ya saba. Mai kula da dandamali ba shi da aikin da ya wuce ya nuna wa kowa ƙofar shiga da ta fita.

Masana tarihin wasan kwaikwayo sukan danganta sauyin wannan hali da ƙungiyar sarkin wata ƙaramar masarauta ta Jamus mai suna Mainingen, wadda ta zagaya biranen Turai daga 1874 zuwa 1890. A cikin wasanninta, tufafi da kayan dandamali da taron jama'a da babban tauraro duka suna bin tsari guda wanda ya fito daga kai guda. Ƙungiyar ta je Masko sau biyu, a 1885 da 1890, kuma daga cikin waɗanda suka kalle ta a zuwan na biyu akwai wani matashi ɗan gidan attajirai mai sha'awar wasa, Konstantin Stanislafski (1863 zuwa 1938), wanda za mu yi ta ambato nan gaba.

3.0 WASA ƊAYA A HANNU BIYU

3.1 Yanayin wasan

Anton Cekof (1860 zuwa 1904), likita kuma marubucin gajerun labarai, ya rubuta wasansa mai suna Caika a 1895. Caika sunan wani farin tsuntsu ne na bakin ruwa. Wasan kashi huɗu ne, kuma duk abin da ke cikinsa ya faru ne a wani gidan gona da ke bakin tafki. Akwai Arkadina, shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo, da ɗanta Tirefilef mai son zama marubuci, da Tirigorin, marubucin da ya riga ya yi suna wanda take tare da shi, da Nina, budurwa 'yar maƙwabta mai burin hawa dandamali. Soyayyar cikin wasan sarƙa ce wadda kowane zobe ya juya wa na bayansa baya: malamin makaranta yana son Masha, Masha tana son Tirefilef, Tirefilef yana son Nina, ita kuwa Nina hankalinta yana wajen Tirigorin.

Abin da ya sa wasan yake da wuyar shiryawa shi ne zubinsa. Manyan al'amuran labarin ba a ganinsu. Guduwar Nina zuwa wajen Tirigorin, da haihuwarta, da mutuwar ɗan, da yasar da ita da ya yi, duka sun auku ne a cikin shekara biyu da ke tsakanin kashi na uku da na huɗu, labarinsu kawai ake ji a bakin wani. Hatta harbin da Tirefilef ya yi wa kansa a ƙarshe a bayan fage ya faru, yayin da mutanen gida suke shirin ci gaba da wani wasan lambobi na ɗebe kewa, likitan gidan kuma ya ɓoye wa uwar gaskiya ya ce wata kwalbar magani ce ta fashe. Abin da ya rage a gaban 'yan kallo hira ce ta yau da kullum, maganar dawaki da albashi da yanayin gari, wadda a ƙarƙashinta kowa yake ɓoye ciwon da ke cin sa. Bugu da ƙari, marubucin ya rubuta a kan wasan cewa na ban dariya ne. Saboda haka duk wanda zai shirya shi tilas ya yanke hukunci a kan abu biyu: yadda zai sa a ji abin da ba a faɗa ba, da kuma gwargwadon dariya da tausayi da zai auna.

3.2 San Fitasbag, 1896

An fara nuna Caika a watan Oktoba 1896 a gidan wasa na Aleksandirinski, ɗaya daga cikin gidajen wasan gwamnati a birnin San Fitasbag. An danƙa shi ga mai ba da umarni na gidan, Karfof, bisa ga tsarin da aka saba, wato wasa ya zo, wanda ke kan kujera ya karɓa. Gwajin wasan bai wuce na 'yan kwanaki ba, kuma aka sa shi a daren da aka keɓe domin karrama wata 'yar wasan barkwanci, alhali ita ba ta cikinsa. Masoyanta da suka cika zauren sun zo ne su yi dariya, suka kuwa yi ta a inda bai kamata ba, har da ihu da shewa. Bera Komisarjefskaya, wadda ta fito a matsayin Nina, tana daga cikin gwanayen zamaninta, amma gwanintar mutum ɗaya ba ta ceci wasan da aka gina a kan sauraron juna ba. Cekof ya bar gidan wasan cikin dare, ya ce ya daina rubuta wasan kwaikwayo. An fi karɓar wasan a dararen da suka biyo baya, amma ba a daɗe ba aka janye shi.

Ya kamata mu lura cewa laifin ƙungiya ya riga na mai ba da umarni. Ita ce ta zaɓi daren, ita ce ta ƙayyade kwanakin gwaji, kuma ba ta tambayi kowa ba ko ya fahimci irin wasan da ke hannunsa.

3.3 Masko, 1898

A tsakiyar 1897 Stanislafski ya haɗu da Biladimir Nemirobic-Dancenko (1858 zuwa 1943), marubucin wasanni kuma malamin koyar da 'yan wasa, a wani gidan abinci a Masko. Sun yi kimanin awa 18 suna tattaunawa, kuma daga wannan zama aka haifi Gidan Wasan Fasaha. Abin da ya fi muhimmanci ga nazarinmu a cikin yarjejeniyarsu shi ne rabon iko: maganar ƙarshe a kan abin da ya shafi adabi, wato zaɓen wasa da ma'anarsa, tana hannun Nemirobic, maganar ƙarshe a kan abin da ya shafi dandamali kuma tana hannun Stanislafski. 'Yan wasan ma daga ɓangarorin biyu aka haɗo su, ɗaliban wannan da abokan wasan wancan.

An buɗe zangon farko a watan Oktoba 1898 da wani wasan tarihi mai suna Sarki Fiyodo, aka kuwa yi nasara. Wasannin da suka biyo baya ba su ja 'yan kallo ba, wani kuma hukumomin coci suka sa aka hana shi bayan an gama shiri. Kafin watan Disamba ƙungiyar ta kusa durƙushewa, sai Caika kaɗai ya rage mata. Nemirobic ne ya nace a kan wasan tun farko, shi ya rubuta wa Cekof yana roƙonsa bayan ya ƙi, har ya yarda. Stanislafski kuwa bai ɓoye ba cewa da farko bai gane inda wasan ya dosa ba. Duk da haka shi ya keɓe kansa a ƙauye a ƙarshen damina ya rubuta cikakken tsarin dandamali, fitowa bayan fitowa: inda kowa zai tsaya, lokacin da zai yi shiru da tsawon shirun, abin da hannunsa zai riƙa yi yayin da bakinsa yake faɗar wani abu dabam, da ƙarar da za a ji daga nesa. Yana rubutawa yana aikawa, Nemirobic yana gwadawa da 'yan wasa. An yi zaman gwaji 24, kimanin awa 80, Nemirobic ya jagoranci 15, Stanislafski 9.

Misali ɗaya ya isa ya nuna bambancin. A kashi na farko, inda mutanen gida suke kallon ɗan wasan da Tirefilef ya rubuta, Stanislafski ya jera su a kan benci sun ba 'yan kallo baya, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Da wannan sai mai kallo ya zama kamar ɗaya daga cikin mutanen gidan, yana ganin ƙosawar uwa da rawar jikin ɗa daga wuri guda. Shirun da aka auna kuma shi ya ba 'yan kallo damar jin abin da ke ƙarƙashin hirar. An nuna wasan a watan Disamba 1898, cikin fargaba, domin Cekof yana jinyar tarin fuka a Yalta, kuma 'yar'uwarsa ta roƙi a fasa don kada faɗuwa ta biyu ta ƙarasa shi. Da aka rufe labule a ƙarshen kashi na farko zauren ya yi tsit na ɗan lokaci, sa'an nan ya ɓarke da tafi. Tun daga nan hoton wannan tsuntsu ya zama tambarin gidan wasan.

Sai dai adalcin nazari ya wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren. Da Cekof ya ga wasan a 1899 bai gamsu da yadda aka fito da Nina ba, haka ma Tirigorin wanda Stanislafski da kansa ya fito a matsayinsa. Ya kuma sha ƙorafi a kan yawan ƙararrakin da ake cusawa domin a kwaikwayi rayuwa, irin su kukan kwaɗi da haushin karnuka. Saɓanin ya fi fitowa fili a wasansa na ƙarshe, Lambun Ceri, wanda aka nuna a watan Janairu 1904: shi ya ce wasan ban dariya ya rubuta, su kuwa suka mayar da shi na zubar da hawaye. Wannan ya tabbatar da abin da muka faɗa a gabatarwa. Fahimtar da ta ceci Caika ita ma fahimta ce guda daga cikin masu yiwuwa, ta rinjayar da ma'auni wajen tausayi, kuma shekaru da yawa duniya ta riƙa kallon Cekof da idon waɗannan mutane biyu.

4.0 ƊAN GIDA: GWAJIN 1905

Wanda ya fito a matsayin Tirefilef a 1898 wani ɗalibin Nemirobic ne mai suna Meyahold. Ya bar ƙungiyar a 1902 ya kafa tasa a larduna, inda ya fara neman salon da ya kauce wa kwaikwayon rayuwa tsantsa. A 1905 Stanislafski, wanda shi ma ya fara jin salon gidan ya zame masa ƙangi, ya kira shi ya danƙa masa wani ƙaramin reshe na gwaji, da matasan 'yan wasa, da kuɗi daga aljihunsa. Aka yi watanni ana shiri a kan wasannin ishara, musamman wani na Metalink, marubucin ƙasar Beljiyam. Da Stanislafski ya zo ya kalli gwajin ƙarshe a watan Oktoba, sai ya ga 'yan wasan ba su da horon da zai ɗauki abin da Meyahold yake nema. Ga shi kuma garin ya rikice da tarzomar juyin juya halin 1905. Aka rufe reshen ba tare da ya nuna wasa ko ɗaya ga jama'a ba.

Zaɓen mutumin daidai ne, domin Meyahold ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ba da umarni na ƙarni na 20. Inda aka yi sake shi ne, an ba shi wuƙa da nama aka juya baya, ba a auna tunaninsa da ƙarfin 'yan wasan da aka ba shi ba sai a ranar ƙarshe, lokacin da gyara ba ya yiwuwa. Abin mamaki, Komisarjefskaya, Ninar farko, ta ɗauke shi aiki a gidan wasanta a 1906, ta kuma sallame shi a 1907, domin ta ga salonsa yana danne irin gwanintar da 'yan kallo suke zuwa gani a wurinta. Ita ma ta ɗauki suna da sabon salo, ba ta tambayi matsayin da wannan salo zai ba ɗan wasa ba.

5.0 BAƘO MAI SUNA: HAMLET

Hanya ta uku ita ce ta fi jan hankalin 'yan kwamiti a ko'ina, wato gayyato wanda sunansa ya cika duniya. A 1908 gidan ya gayyaci Gordon Craig (1872 zuwa 1966), Bature ɗan Ingila wanda rubuce-rubucensa da zane-zanensa a kan dandamali suka yi tashe a Turai, domin ya shirya Hamlet na Shakespeare. Fahimtar Craig a fili take, kuma mai ƙarfi ce. A ganinsa duk abin da ke cikin wasan ta idon Hamlet ake ganinsa, don haka ya tsara fadar sarki a lulluɓe da ruwan zinariya, alkyabbar sarki da sarauniya ta malala ta rufe dandamali, kawunan fadawa suna leƙowa daga cikinta, Hamlet kuma yana gefe shi kaɗai cikin baƙaƙen tufafi. A maimakon zanen gine-gine, ya ƙirƙiro dogayen allunan da za a riƙa juyawa a gaban 'yan kallo ba tare da an sauke labule ba.

Matsalar ita ce, wannan fahimta ta yi hannun riga da abin da gidan ya ƙware a kai. A daidai wannan lokaci Stanislafski yana gina hanyarsa ta horar da ɗan wasa ya nemo gaskiyar hali daga cikin zuciyarsa, shi kuwa Craig ya riga ya rubuta cewa motsin zuciyar ɗan wasa shi ke ɓata fasaha. Craig ba ya jin Rashanci, zuwansa Masko kuma jefi-jefi ne, saboda haka yawancin aikin yau da kullum ya faɗa kan Stanislafski da mataimakinsa Sulerjitski, har daga baya aka yi rigima a kan sunan wa za a rubuta. Rashin lafiyar Stanislafski a 1910 ta ƙara jinkirta aikin. An shafe fiye da shekara uku kafin a nuna wasan a watan Janairu 1912 bisa kalandarmu ta yau, kuma gab da buɗewa allunan suka rufto, dole aka koma ga labulen da aka yi niyyar kawarwa.

Wasan ya ɗaga sunan gidan a ƙasashen yamma, kuma har yau ana nazarinsa. Amma abin da 'yan kallo suka gani gamin gambiza ne, dandamalin mutum ɗaya da 'yan wasan wani. A 1898 ma mutum biyu ne suka yi aikin, sai dai a can kowa ya san iyakarsa tun kafin a fara, kuma dukansu sun yi shekaru suna aiki da 'yan wasan da ke gabansu.

6.0 MA'AUNIN ZAƁE

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da abubuwa huɗu da ya kamata ƙungiya ta yi kafin ta danƙa wasa ga kowa.

Na farko, ta nemi duk mai son aikin ya rubuto fahimtarsa game da wasan da ake magana a kai: mene ne jigonsa a ganinsa, wace fitowa ce ƙashin bayansa, kuma me yake son mai kallo ya tafi da shi gida. Shafi biyu na irin wannan bayani sun fi dogon jerin wasannin da mutum ya taɓa shiryawa amfani. Wannan yana nufin a cikin kwamitin dole a sami wanda ya karanta wasan da idon manazarci, kamar yadda Nemirobic ya yi.

Na biyu, ta auna wannan fahimta da 'yan wasan da take da su da kuma dandamalinta, ta kuma sa ranar da za a duba aikin tun yana tsakiya.

Na uku, ta ware isasshen lokacin gwaji tun a wajen tsara zangon. Tazarar da ke tsakanin 'yan kwanakin 1896 da awa 80 na 1898 ta isa hujja.

Na huɗu, ta rubuta iyakar ikon kowa kafin a fara. Wannan matsala ba ta tsufa ba. Gidan wasan Globe na Landan, wanda aka buɗe a 1997 bisa fasalin gidan wasan zamanin Shakespeare, ya ɗauki Emma Rice a matsayin shugabar masu ba da umarni, ta fara aiki a 2016. An san salonta tun kafin a ɗauke ta, kuma wasanninta sun cika gidan da 'yan kallo. Amma a watan Oktoba na shekarar hukumar gidan ta ba da sanarwar cewa za ta sauka a 2018, saboda fitilun zamani da na'urorin ƙara sauti da ta shigo da su sun saɓa wa manufar gidan ta yin wasa a cikin haske guda da ya haɗa 'yan wasa da 'yan kallo. Tambayar da ta raba su tambaya ce da ya kamata a yi a ranar ganawar farko.

7.0 DANGANE DA DANDAMALIN HAUSA

Wasanninmu na gargajiya, irin su tashe da wasan gauta, ba su bukatar mai ba da umarni, domin al'ada ta riga ta tsara wa kowa rawarsa. Yawancin wasannin rediyo da talabijin da suka yi tashe, kamar Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, a kan gwanintar babban tauraro da hikimar baka aka gina su. Rubutaccen wasa kuwa hukuncinsa dabam ne, kuma shi ne ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na kwalejoji da jami'o'i suke ɗorawa a bukukuwan makon Hausa. A irin waɗannan ƙungiyoyi sau da yawa shugaban ƙungiya ko ɗan wasan da ya fi ba da dariya shi ake naɗawa, wato tsarin da Turai ta baro a ƙarni na 19.

Alhali kuwa wasanninmu ma suna da fuska fiye da ɗaya. Ɗauki Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Ana iya shirya shi a matsayin abin dariya a kan attajirin da mace ta wawashe, ana kuma iya shirya shi ta yadda mai kallo zai ga yadda mutum yake rufe kunnensa daga shawara da hannunsa. Tun da kuma hira ta fi motsi yawa a cikinsa, mai shirya shi yana bukatar ya ƙirƙiro abin da ido zai gani, kamar yadda aka yi wa Caika. Haka nan Uwar Gulma na Mohammed Sada: wulaƙancin da Hayatu yake yi wa Halima yana iya zama abin shewa ga ɗalibai maza a zaure, yana kuma iya sa zauren ya yi tsit. Kalmomin ba su sauya ba a duka biyun. Wanda aka ba ragama ne zai yanke wanne za a gani, kuma darasin da ɗalibai za su ɗauka game da zaman aure ya rataya a kan wannan hukunci.

Muna ma da namu misalin na haɗa hannu biyu. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama wasan kwaikwayo ta hanyar haɗin gwiwar Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin ƙasar Tirinidad da ya koyar da fasahar dandamali a jami'o'in Nijeriya, aka buga shi a 1975. Ɗaya ya zo da sanin harshe da al'ada, ɗaya da sanin dandamali. Kwalejin da take da sashen Hausa da sashen wasan kwaikwayo tana da waɗannan hannuwa biyu a harabarta, abin da ya rage shi ne a zaunar da su a raba musu iko tun kafin a fara gwaji.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun bi ƙungiya guda ta hanyoyi uku da ta bi wajen samun mai ba da umarni. Mun ga cewa inda ta fi cin nasara shi ne inda aka fara da karanta wasan, aka raba iko, aka kuma ba gwaji lokacinsa, ko da yake a nan ma marubucin bai yarda da dukan abin da aka yi da wasansa ba. Shawararmu ga ƙungiyoyinmu ita ce, duk lokacin da za a tsara wasannin shekara, a riƙa sanar da wasannin tun da wuri, a buɗe ƙofa ga malamai da ɗalibai su rubuto fahimtarsu, a zaɓa bisa ga abin da suka rubuta, a kuma adana waɗannan takardu tare da tsarin dandamalin da aka yi amfani da shi. Tsarin da Stanislafski ya rubuta wa Caika an adana shi, an buga shi, shi ya sa muke iya muhawara a kansa bayan fiye da shekara 120. Idan muka yi haka, masu nazarin wasan kwaikwayon Hausa na gaba za su sami abin dubawa game da yadda aka fahimci wasanninmu a bisa dandamali, ban da abin da ke cikin littafi.